Daga dam zuwa bakin teku: abin da mai fatsa zai canza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mutumin Daura ne, kuma tun ina yaro nake jefa fatsa don sha'awa. Ranar Asabar in ba a same ni a dam ɗin Sabke ba, to ina na Daberam. Yanzu wurin aiki sun mayar da ni Legas. Na ga bidiyon mutane suna kama manyan kifaye a bakin teku da sanda mai abin naɗe zare. An ce ka daɗe cikin harkar kifi a kudu kafin ka dawo Katsina. Wane irin kaya zan saya, kuma dabarar da na saba da ita a dam za ta yi mini aiki a can?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa canjin wurin ya zama alheri.

Hannunka zai yi maka aiki a can, haƙurinka ma haka, amma lissafin lokacin da ka saba da shi sai ka bar shi a gida. Zan zo kan maganar kaya, sai dai ba da ita zan fara ba. Na sha ganin mutum da sandar da ta cinye albashinsa na wata guda yana komawa gida hannu Rabbana, ga yaron masunta a gefensa da zare naɗe a jikin gwangwani ya cika bokiti. Yaron ya san lokacin da ruwa ke tafiya, shi kuwa mai sanda ya zo ne a lokacin da ya samu sarari.

Ruwan dam a tsaye yake. Ya cika da damina, ya ja da rani, shi ke nan, kuma kifin cikinsa ya fi cin koto da sassafe da gab da magariba. Teku kuwa sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a cikin kwana da yini. Tsakanin cikowa da janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. In yau ruwa ya kai ƙarshen cikarsa da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti 10, bayan mako guda kuma a wannan sa'ar janyayyen ruwa za ka tarar. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. A nan kana da abin da yawancin masu fatsa na birni ba su da shi, domin kai ka iya ƙirga kwanan wata. A kwanakin tsayuwar wata, da kuma daren 14 zuwa 16, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, sai jansu ya haɗu. Ruwa ya ciko sosai, ya janye sosai, ya yi gudu mai ƙarfi. Wajen 7 zuwa 9 ga wata, da 22 zuwa 24, kasala yake yi, cikarsa da janyewarsa ba su da nisa da juna.

A Legas tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ba ta cika wuce mita 1 ba. Sai ka yi gabas take ƙaruwa, har ta kusa mita 3 a wajen Kalaba. Kada ka raina mita ɗayan nan. Babban tafkin Legas, wanda ake ce wa lagun, ya fi kilomita 50 tsawo, kuma duk ruwan da zai shiga cikinsa daga teku ko ya fita ƙofa ɗaya yake bi, wato mashigar tashar jiragen ruwa, tsakanin dogayen katangun duwatsu biyu da Turawan mulkin mallaka suka gina a farkon ƙarnin da ya wuce. In ruwa ya juya a wannan mashiga, gudunsa ya isa ya ja kwalekwale mai inji baya.

Dalilin da ya sa nake ta nanata wannan shi ne babban kifin teku ba ya son wahalar farauta. Idan ruwa ya fara janyewa, yakan kwaso jatan lande da ƙananan ƙaguwa da 'ya'yan kifi daga cikin ƙoramu da saiwoyin itatuwan bakin ruwa, ya fito da su ta 'yan ƙofofi. Babban kifi ya san ƙofofin nan. Sai ya laɓe a bayan dutse, ko gindin ginshiƙin gada, ko inda ƙasa ta gangara ruwa ya yi zurfi, ya juya kansa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, yana jiran abinci ya zo masa har baki. Saboda haka ba a bayansa za ka jefa ba. Ka jefa sama da shi, ta inda ruwa ke gangarowa, ka bar ruwan ya kai masa koton da kansa. Da zarar ruwa ya tsaya cik, a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa, cin koto ya mutu na ɗan lokaci. Lokacin ne na yin salla da cin abinci da sauya zare.

Gudun ruwan ma ba ɗaya ba ne a cikin awa shidan. Awar farko a hankali yake tafiya, ta biyu ya ƙara, a ta uku da ta huɗu rabin ruwan gaba ɗaya ke wucewa, sannan ya lafa. Ni dai abin da na fi yarda da shi a bakin yashi da kan duwatsu shi ne awa biyun ƙarshe na cikowa da awa biyun farko na janyewa. A bakin ƙorama kuwa, janyewa ta fi. In wannan lokaci ya zo daidai da fitowar alfijir ko faɗuwar rana, to ka samu ranar da za ka ajiye duk wata hidima. Jadawalin cikar teku na Legas kyauta ne a intanet, ka sa shi a wayarka. Ka tuna dai lissafinsa na bakin mashiga ne, in ka shiga cikin lagun ruwan yakan makara, kuma gwargwadon nisanka gwargwadon jinkirin. Wani abu kuma: a ranakun da ruwa ya fi ƙarfi, dalmar da ake ɗaura wa zare don ta nutsar da koto ba ta zama a ƙasa a wurare masu matsi. Sabon shiga ya fi jin daɗin kwana biyu ko uku kafin su, ko bayansu.

Sai shekara. Damina a can tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Kogin Ogun da sauran koguna sukan antayo ruwan daɗi, lagun ya yi ja, gishirinsa ya kusa ƙarewa, wata irin kainuwa mai shuɗin fure ta rufe hanyoyi. Wannan ciyawa ta shigo ruwan Najeriya ne a 1984 ta wajen Badagiri, kuma gishiri ne maganinta. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan teku, wanda kowace lita tasa ke ɗauke da gishiri kusan giram 35, yakan kutsa ciki, kainuwar ta mutu, ruwa ya washe, kifayen teku su biyo shi. A lokacin ne kuma tekun kansa ya fi kwanciya. Daga Yuni zuwa Satumba raƙuman ruwa suna da tsanani, ban ba sabon zuwa shawarar ya hau duwatsu a waɗannan watanni ba.

Wuraren da ake zuwa sanannu ne. Akwai duwatsun mashiga ta gefen Tarkwa Bay, inda sai da jirgin ruwa ake isa. Akwai ruwan da ya raba Ikoyi da tsibirin Biktoriya, da gindin gadoji, da ƙoramar Badagiri, da dogon yashin da ya miƙa daga Lekki zuwa gabas. Wajen Epe ruwan ya fi kusa da na daɗi, a can za ka haɗu da 'yan'uwan kifayen da ka sani. Amma da ɗan gari akan ci gari. Masuntan ƙabilun Egun da Ilaje a kan ruwan nan aka haife su. Ka samu guda mai kwalekwale, ku yi ciniki a kan yini, ka bar shi ya nuna maka ramuka da inda tsofaffin jirage suka nutse. In ka ga rassan itatuwa an kakkafa a tsakiyar lagun, gonar kifin wani ce, ana ce mata akaja, kada ka jefa a ciki sai da izini. Ka nisanci ma'ajiyar man fetur ta Atlas Cove da sauran wuraren sauke mai da sansanonin sojan ruwa, ba a yi wa mai sanda uzuri a can.

To, kaya. Sanda ɗaya ta ishe ka shekarar farko. Ka nemi mai tsawon mita 2.4 zuwa 2.7, wadda aka rubuta a jikinta tana jefa nauyin giram 20 zuwa 60. Da ita za ka yi aiki a kwalekwale, a kan duwatsu, da bakin ƙorama. Doguwar sandar bakin yashi, mai mita 3.6 zuwa 4.2, ka bar ta sai ka ga lalle can zuciyarka ta karkata. Ka duba zobban da zare ke bi ta cikinsu, su zama ƙarfen da ba ya tsatsa, cikinsu sumul ba tsaga.

Abin naɗe zare, wato ril, a nan ne kuɗinka ya kamata su tafi. Ka sayi irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai lamba 5000 ko 6000, ko da yake kowane kamfani da yadda yake ƙirga lambarsa. Penn da Shimano da Daiwa da Okuma duk suna da waɗanda aka yi don ruwan gishiri, masu toshiyar roba da ke hana ruwa shiga ciki. Jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Ril ɗin da aka yi don ruwan daɗi zai yi maka kyau makonnin farko, daga nan ka ji yana ƙara, sannan ya ƙame ranar da babban kifi ya kama. In kuɗi sun gaza, gara tsohon na kirki da sabon banza.

Zare iri biyu ne za ka haɗa. Wanda zai cika ril ɗin shi ne kitsattsen zare, mai lamba 30, wato wanda ke ɗaukar kusan kilo 14 kafin ya tsinke, tsawon mita 250 zuwa 300. Siriri ne, yana tafiya nesa in ka jefa, ruwa ba ya jansa sosai, kuma ba ya miƙewa, don haka ko taɓa koto kifi ya yi za ka ji a hannunka. Aibinsa shi ne ba ya jure gogar dutse da kaifin ɓawon kawa, kuma yana yanka yatsa, kada ka kuskura ka naɗe shi a hannu in ƙugiya ta maƙale. A bakinsa sai ka ɗaura nailan mai kauri, mai ɗaukar kilo 25 zuwa 35, tsawon mita 1 ko 1.5. Shi ke shan gogayya. Ƙullin da ke haɗa su, wanda ake kira FG, yana da wuyar koyo, amma bidiyonsa na nan birjik. Ka koye shi tun kana gida, kana zaune a inuwa, domin a cikin kwalekwale mai rawa ba a koyon ƙulli. Ka riƙa jiƙa kowane ƙulli da yawu kafin ka ja shi. Jifa ma ka koye ta a Sabke kafin ka tashi: ɗaura dalma kawai ba ƙugiya, ka yi ta jefawa har ka iya sauke ta inda idonka ya nufa.

Yanzu birki, abin da mutanen dam ba su saba da shi ba. A saman ril akwai wani murfi da ake murɗawa. Shi ke ƙayyade ƙarfin da kifi zai ja kafin zare ya fara fita da kansa. Kai ka saba in tarwaɗa ta kama ka fizgo ta waje. Kifin teku mai kilo 10 in ka yi masa haka, ko zare ya tsinke, ko ƙugiya ta miƙe, ko bakinsa ya yage. Dubi yadda 'yan igiya ke yi da sa a wasan hawan ƙaho: ba sa tsayar da shi da ƙarfin tsiya, sukan sakar masa ya ja, suna riƙe, har ya gaji. Aikin birki ke nan. Ƙa'ida ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zarenka na kilo 14 ne, don haka kusan kilo 4. Ba sai ka sayi sikeli ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika galan mai lita 4, ɗaura shi a zaren da ya fito kai tsaye daga ril, ka ɗaga a hankali, ka murɗa har zare ya fara zamewa daidai lokacin da galan ke barin ƙasa. In kifi yana gudu kada ka naɗe, zaren kawai kake murɗewa. Ka riƙe sanda a lanƙwashe, in ya tsaya ka ɗaga ta a hankali, ka sauke kana naɗewa, ka sake ɗagawa. Haka har ya iso.

Koto kuwa, ka fara da na gaske. Tana ba ta da amfani a ruwan gishiri. Jatan lande ɗanye shi ne sarki, babu kifin da ke ƙin sa. Bayansa sai yankan kifi mai maiƙo irin su bonga da shawa, da ƙaramar ƙaguwa. Ga manyan kifaye, ba abin da ya kai ɗan kifi mai rai, musamman malet, wani farin kifi mai tsalle da ke yawo garke-garke a bakin ruwa. Masu birgi za su sayar maka da safe. Ka soke shi ta leɓen sama ko ta gadon baya, ka ajiye sauran a bokiti kana sauya musu ruwa. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne ka zura zare ta cikin dalma mai rami yadda za ta riƙa zamewa, ka ɗaura ɗan ƙarfe mai juyawa ya tare ta, sannan nailan kamu uku ko huɗu, sannan ƙugiya. In kifi ya ɗauka, zare ya bi ta cikin dalmar bai ji nauyi ba. Dalma daga giram 60 zuwa 150, gwargwadon gudun ruwa, sai dai wadda ta wuce giram 60 ta fi ƙarfin jifa da sandar da na ce ka fara da ita. A bakin yashi mai kusurwa huɗu ake sa wa, domin mulmulalliya gangarawa take yi. Ƙugiya lamba 1/0 ko 2/0 ta isa ga matsakaitan kifaye, 5/0 zuwa 8/0 ga koto mai rai. Akwai wata ƙugiya mai baki lanƙwashe ciki, kusan da'ira. Da ita ba a fizga. In ka ji kifi ya ɗauka, ka bar zare ya miƙe, ka fara naɗewa, ita da kanta za ta zame ta kama gefen baki. Hannun da ya saba fizga yakan sha wuya kafin ya daina.

Koton roba da na ƙarfe, wanda ka gani a bidiyo, shi ne daɗin wasan, amma kada ka cika akwati. Cokalin ƙarfe mai walƙiya na giram 30 zuwa 40, kifin roba mai leɓe wanda ke nutsewa in ana ja irin na Rapala, dalma mai ƙugiya da ake sa wa wutsiyar roba mai laushi, da guda mai faffaɗan baki da ke fantsama ruwa a sama. Waɗannan huɗun sun isa.

Kifin da za ka fara haɗuwa da shi mai yiwuwa kuroka ne, wanda ake gasawa a gidajen abinci. A ƙasa yake kiwo, kan laka da yashi, jatan lande yake so, ba ya wahalarwa. Wanda ni na fi so kuwa shi ne wanda kasuwannin Legas ke kira shaininos. Fari ne mai ruwan zinariya, hancinsa kamar gilashi, kuma a ƙarƙashin maƙogwaronsa akwai zaruruwa huɗu a kowane gefe da yake lalube da su a cikin ruwa mai duhu. Saboda haka shi gurɓataccen ruwa bai dame shi ba, har ma ya fi sonsa, kuma ana samunsa a bakin mashiga ko da damina. Yana iya kai mita 2. A kusa da ƙasa yake cin abinci, don haka dalma mai wutsiyar roba ita ce maganinsa: ka jefa sama da ruwa, ka bari ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ta kamu biyu, ka bari ta koma. Yawanci tana komawar yake ɗauka, kuma abin da za ka ji ɗan ƙwanƙwasa ne kawai, ba za ka ce babban kifi ba ne. Yana da wata ɗabi'a ta rugowa wajen mai sanda, zare ya yi sako-sako ka zaci ya kuɓuce. Ka naɗe da sauri. Bakinsa ba shi da ƙwari, don haka birki mai sauƙi ya fi masa.

Barakuda shi ne dogon nan mai haƙora. In ka taɓa ganin bakin tsage, to nasa ya fi. Irin na yammacin Afirka yana kai mita 2, yana shiga har cikin lagun da rani. Nailan komai kaurinsa yanke shi yake yi, dole ka sa waya ta ƙarfe mai tsawon santimita 20 zuwa 30 a gaban koto. Sai dai waya tana korar sauran kifaye in ruwa ya washe, don haka ka sa ta ne kawai in shi ka fito nema, ko in an yanke maka zare sau ɗaya. Abu mai walƙiya mai gudu yake so. Ja cokali da sauri, ko a ja kifin roba a bayan kwalekwale yana tafiya a hankali. In ya biyo koto bai kama ba, kada ka rage gudu, ƙarawa za ka yi.

Jak kifi ne mai faɗin jiki da ƙarfin tsiya, a garke yake farauta. In ka hango ruwa yana tafasa, ƙananan kifaye suna tsalle, tsuntsaye suna faɗowa, su ne. Ka jefa mai fantsama ruwa a gefen garken. Sinafa, jan kifin duwatsu, shi kuma da ya kama sai ya nufi raminsa. Shi kaɗai ne za ka ƙara wa birki, domin in ka ba shi mita biyu ya shige dutse, ka yi asarar kifi da koto. Sai tafon, mai manyan ɓawo masu ƙyalli, wanda ke fitowa sama ya haɗiyi iska. Mafi girma da aka rubuta an kama da sanda ya kai kusan kilo 130, a Gini Bisau, a 2003. Bakinsa ƙashi ne, yana tsalle yana girgiza kai, kuma mafi yawansu kuɓucewa suke yi. In ya yi tsalle ka miƙa masa sanda. Namansa ƙaya ce zalla, ni sakinsa nake yi.

Maganar tsaro ba zan sassauta ta ba, domin iyon da ka iya a dam ba shi ne iyon teku ba. Kada ka shiga kwalekwale ba rigar ceto, doka ce ma a Legas. A kan duwatsu kada ka juya wa teku baya, kuma kafin ka sauka ka tsaya daga sama ka kalli ruwan na kusan minti 15, domin manyan raƙuma jefi-jefi suke zuwa, a jere. Duk dutsen da ka gani a jiƙe, ruwa ya kai wurin, zai kuma dawo. Mai kore-kore santsi ne da shi, silifa ba takalmin wurin ba ne. A bakin yashi, inda ka ga ruwa ya yi duhu ya kwanta a tsakanin wurare biyu masu kumfa, hanya ce da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Wuri ne mai kyau na jefa koto, mugun wuri ne na sa ƙafa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan, ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Kada ka tafi kai kaɗai.

Cikin abin da za ka jawo ma akwai masu cutarwa. Kunamar ruwa tana da ƙaya mai dafi a wutsiya, in ta kama ka yanke zare kawai. Tarwaɗar teku ƙayoyinta uku suna da dafi, da filaya ake cire mata ƙugiya. In ɗayansu ta soke ka, ka tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa ko fiye, zafi yana rage raɗaɗin dafin, sannan ka je asibiti a wanke a duba. Talibambam na teku kuwa kada ka ci, akwai guba a hantarsa da ƙwansa da wuta ba ta kashewa. Ban da irin wannan mai cutarwa, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da jatan lande da ƙaguwa, kuma ruwansa ana alwala da shi. Kifin da aka kama kusa da magudanun ƙazanta ko inda mai ke yawo a kan ruwa, ka mayar da shi. Ƙanana ma ka mayar, da jiƙaƙƙen hannu. Wanda za ka ci, ka yanke masa maƙogwaro jini ya fita, ka cire kayan ciki, ka sa a ƙanƙara nan take. Zafin Legas mai laima ne, kifi ba ya yini a bokiti.

In ka dawo gida, kafin ka ci abinci ka wanke kaya. Ka ɗaure birki tam don kada ruwa ya shiga, ka yayyafa wa ril ruwan famfo a hankali. Kada ka tsoma shi a bokiti, kada kuma ka feshe shi da ruwa mai ƙarfi, gishirin kake turawa ciki. Ka goge, ka bar shi ya bushe a inuwa, sannan ka kwance birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye. Sanda ma a wanke ta, musamman gindin zobba. Ƙugiyoyi da koton da suka shiga ruwa kada su koma akwati ɗaya da sababbi sai an wanke su sun bushe, guda ɗaya mai gishiri ta isa ta sa duk sauran tsatsa. Duk bayan fita uku ko huɗu ka ɗiga man keken ɗinki a hannun ril da ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa, ka kuma yanke mitan ƙarshe na zaren ka sake ƙulli.